Shayin Mourtala da Jinin Dasashina

Sallama gare ku, masu bin wannan shafi. Na karanta saƙonninku duka, da na masu cewa "Munira ki faɗa masa", da na masu cewa "Munira ki kama bakinki sai an shafa fatiha". Kun rabu gida biyu kamar yadda gidanmu ya rabu, sai dai a gidanmu ni kaɗai ce a ɓangare guda, kuma ni ɗin ma ba kullum ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Munira, ina koyar da ilimin halittu a wani koleji a nan Agadas. Ni ce ke tsayawa gaban allo ina zana wa ɗiyan mutane yadda jini ke yawo a jiki. Na haura talatin. Ina da ciwon sukari, gadon Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ina haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma. Waɗanda suka sani su ne Inna, da Gwaggo Ramata yayar Babanmu, da wani Mansur da ya taɓa nemana. Shi na faɗa masa da bakina. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tafi gida, uwarsa ta shaida masa mai ciwon sukari ba ta haihuwa, idan ma ta haihu sai an yanka ta. Daga nan sai gaisuwar salla ta wayar salula.

Tun ranar Inna ta kafa doka: duk wanda ya sake zuwa, ba zai ji ba sai ina ɗakinsa. Ta ce ba ƙarya ba ce, shiru ne. Na ce to. Ban ga bambancin ba, amma ban ga amfanin gardama da matar da ta yi kuka a kan sallaya saboda ni ba.

Sai ga Mourtala.

Yana aiki a tashar kuran, wato wutar lantarki, ta Tchirozérine, yana shigowa gari ranar Asabar. Dogo ne, ba ya son hayaniya, rawaninsa shuɗi, takalminsa na fata ɗinkin Agadas, ƙarƙashin faratunsa da ɗan baƙin gawayi da sabulu ya gaza. Ba ya kawo mini turare ko zane kamar sauran maza. Shayi yake yi mini. Bayan la'asar zai iso da ƴar jakarsa ta fata, a shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, ya fiddo furno, ɗan murhun gawayi, da buta da finjalai da na'ana'ar da yake saye wajen masu lambun Dabaga. Ya hura gawayi, ya dafa, ya ɗaga buta sama ya zubo, ya mayar, ya sake zubowa har kumfa ta tsaya a bakin finjali. Duk maganar da zai yi, cikin wannan aikin yake yin ta, idonsa a kan buta.

Ku da ba ƴan nan ba, ga abin da ya kamata ku sani. Ba a finjali ake sa sukari ba, a buta ake sa shi. Mai shayi shi ke yanke wa kowa zaƙinsa. Kuma zagaye uku ake yi. Baƙo zai iya cewa ya ƙoshi, a yi masa uzuri. Amma budurwar da saurayi ya zauna ya dafa mata da hannunsa, ta mayar da finjali cike, ta riga ta ba shi amsa, kuma duk wanda ya gifta ta ƙofar ya ji amsar. Mourtala kuwa hannunsa a sake yake da sukari. Ya taɓa ce mini marowaci a shayi ake gane shi.

Don haka nake sha. Na farko, na biyu, na uku. Ranar da nake cikin sa'a nakan tuttular da rabin na uku cikin yashi idan ya juya yana gyara wuta. Ga dabino, ga tukuɗi, haɗin gero da dabino da cuku, da Inna ke aikowa daga ciki don a ga gidan mutunci ne, kuma ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai. Bayan ya tafi in shiga ɗaki in soki yatsa, na'ura ta nuna mini lambar da ni kaina nake koya wa ɗalibai cewa ba ta da kyau. In sha ruwa, in kwanta. Lahadi in tashi baki a bushe kamar na kwana ina taunar auduga.

Ba zan ɗora wa shayin Asabar laifin shi kaɗai ba. Tun da aka fara maganar aure na daina zuwa awo, don kada a gan ni. Ƙwayoyina a wata farmasi can bakin gari nake saye, in ce na Inna ne.

Dasashina ne ya fara tona ni. Da farko ɗan ja a jikin aswaki da asuba. Sai ja a kan burodi idan na gatsa. Sai kumburi, naman ya yi sulɓi ya janye daga jikin haƙoran ƙasa, ɗaya daga cikinsu ya fara amsa mini idan na taɓa shi da harshe. Sai wari. Wannan shi ne ya fi damuna, in faɗa muku gaskiya. Na koma tauna kanumfari, na koma dariya da gefen mayafi a baki. Mourtala ya aiko mini saƙo: "Bonsoir madam. Kunyarki ƙaruwa take yi, ni kuwa na zaci raguwa za ta yi." Na mayar masa da hoton fuska mai murmushi. Ita haƙoranta lafiya lau.

Ana cikin haka ya sanar da Inna cewa yayarsa Kadidia za ta zo ganin gida ranar Juma'a ta sama, da kayan gaisuwa. Iyayensu sun rasu yana yaro, ita ta riƙe shi, don haka ita ce uwa, ita ce uba. Sau ɗaya na taɓa hango ta a wani biki. Farin bazan, wato shadda, zoben azurfa, da kashine, ƙyallen nan na rufe hanci da baki da kowa ya yar bayan korona, ita ba ta yar ba. Ba ta ci a taro, ba ta dariya. Mata na cewa girman kai ne. Na taɓa tambayar Mourtala ko ita ma yana dafa mata shayi, ya ce ita ba ta son irin namu, ya sauya magana.

Da jin ranar zuwan, Gwaggo Ramata ta iso da ƙafarta. Ta zaunar da ni a hasken tsakar gida, ta kama leɓena ta ja ƙasa kamar mai sayen akuya. Ta ce mugun jini ne ya taru, kuma maganinsa a fidda shi. Ta yi zaman aure a kudu, can ta ga yadda ake yi: a ɗaure allurai wuri guda, a sossoke dasashi har jinin ya zube, a cusa baƙin ƙonanniyar gyaɗa. Idan ya warke, dasashi ya yi baƙi sidik, haƙora su fito fari fat, jini ya ɗauke har abada. Akwai wata mata a Sabon Gari da ta iya, ta riga ta yi mata magana, Asabar da safe.

Ta buɗe nata bakin ta nuna mini shaida. Baƙi ne, ba musu, kuma da kyau. Na kuma ga wuraren da turamenta suke a da. Na tambaye ta ina suka tafi. Ta ce haihuwa ce ta kwashe su, kowace mace ta san kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi. Gwaggo ɗiyanta huɗu. Gurabun sun fi haka, amma ban ƙirga da ƙarfi ba.

Inna ta ce a yi. Ta ce yayar miji bakin amarya take fara duba, tun kafin girki.

Abin da ya tsaya mini a rai ba karatu ba ne, ƙafar Babanmu ce. Ƙaya ce ta soke shi a ɗan yatsa, ƙaya guda. Na ga inda ta kai shi. Yanzu ana so a tara allurai a soka a bakina.

A gidan likita akwai ranar masu sukari, Alhamis ɗin farkon wata. Ana awo, ana bayani, kuma na ji an ce likitar haƙori na zuwa ta duba mutane a ranar. Wurin da na fi gudu ke nan a duk garin, don Agadas ba ta da girman da za ka zauna a layi ba wanda ya san kakarka. Na nemi izini a koleji na ce kaina ke ciwo. Na sa doguwar riga ruwan toka wadda ba wanda ya san ni da ita, na ja mayafi har gira, na rufe baki, na cire ƴan kunnena na azurfa don ko su ana gane mutum da su.

An shimfiɗa tabarmi a wata rumfa bayan ɗakin awo. Tsofaffi sun fi yawa, ga direbobi, ga matan kasuwa, ga wani maƙerin azurfa da na sani, na juya masa baya. Likitar, Madam Fulera, gajeruwa ce mai saurin magana, ta zo da wani ƙaton haƙoran roba da buros ɗin da ya kai tsawon muciya. Ta fara da tambayar wa dasashinsa ke jini. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ta ce madalla, ashe yau lafiyayyu aka tara mata, bari ta yi wa rumfa bayani.

Zan taƙaita muku abin da ta ce, don wasunku sun rubuto mini cewa su ma suna da ciwon. Ta ce sukari da dasashi hanya ce mai zuwa da dawowa. Idan sukari ya hau, miyau ya ragu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, dasashi ya kumbura. Idan dasashi ya kumbura ya ruɓe, shi kuma ya hana sukari sauka, ko kana shan magani. Ta ce jinin da muke gani ba mugun jini ba ne da ke neman hanya, ƙararrawa ce. Wanda ya ga jini ya daina goge wurin, ya ba cutar ɗaki. A goge safe da dare da buros mai laushi da man goge haƙori, a hankali, a bi gindin haƙori inda ya haɗu da nama, a kuma fidda abin da ya maƙale a tsakani. Aswaki ba laifi, in dai sabo ne, an tauna shi ya yi laushi, ba a mai da shi tsintsiyar shara ba. Maƙerin ya ce shi da gawayi da gishiri yake dirzawa tun yana yaro. Ta ce masa ai haƙori ba munduwa ba ne.

Wani direba ya tambaya game da shayi. Ta ce finjali guda mai sukari a jini yake aiki, amma wanda ke kurɓa daga safe zuwa yamma ya jiƙa haƙoransa cikin ruwan zaƙi ya bar su. Ta ce masu goro da fure su sani jan da ke bakinsu yana ɓoye wani jan. Kada mai sukari ya kai haƙorinsa wurin mai cirewa a kasuwa. Duk likitan da zai taɓa bakinka, ka fara gaya masa ciwonka kafin ka buɗe.

Ban san lokacin da na yi magana ta cikin mayafi ba. Na tambaya game da sukar dasashi da allurai. Madam Fulera ta ajiye buros. Ta ce raunin mai sukari ba ya gaggawar warkewa, balle a baki, balle rauni ɗari a lokaci guda da allurar da ta shiga bakin wata. Kuma idan an yi baƙin, cutar ba ta tafi ba, fitilar da za a gan ta da ita aka kashe.

Sai ta juya ta ce da wata a gaba: "Hajiya, yau ma za ki taimake ni?"

Matar ta tashi. Bazan ruwan ƙasa, zoben azurfa. Ta sa yatsa ta sauke kashine.

Na san kun riga ni ganewa. Ni sai da na ga zoben.

Kadidia ta buɗe baki ta juya dama da hagu don kowa ya gani, kamar mai nuna kaya a kasuwa. A sama haƙora saura ƴan kaɗan, a ƙasa kusan babu. Ta ce shekaru ta yi tana tofar da jini tana cewa zafi ne, ba ranar da haƙori ya yi mata ciwo, sai dai su yi ta girgiɗi suna faɗuwa, ɗaya ma a cikin tuwo ta same shi. Ta faɗa ba tare da neman tausayi ba. Ta mayar da ƙyallenta ta zauna.

Ina lissafin hanyar fita ke nan sai mai kiran suna ya leƙo daga ɗakin duba haƙori. Ya kira ni, da sunana, da na Babanmu, da unguwarmu, da muryar da Allah ya ba shi don kiran salla. Na tashi. Ban duba inda take ba. Ban buƙaci dubawa ba.

Madam Fulera ta leƙa bakina da ɗan madubi, ta taɓa haƙorin nan, ta ce bai kai ga fita ba tukuna, amma yana kan hanya. Akwai dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a ƙarƙashin dasashi, buros ba ya fidda shi, sai ta kankare da kayan aikinta. Ta rubuta mini ruwan kurkure baki, ta ba ni ranar dawowa, ta ce kafin nan in koma wurin mai awo a daidaita sukarin. Ta duba sakamakon awona na safen, ta dube ni, ta tambayi aikina. Na faɗa mata. Ta ce, "To ba sai na fassara miki ba."

Da na fito, Kadidia na zaune a inuwar bango, ta bar wuri a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa duka, har da tambayar Inna da gajiya. Sannan ta ce in zauna.

"Finjali nawa kike sha idan ya zo?"

"Duka ukun, Yaya."

"Na san hannunsa a sukari. Saboda ƙanena kike kashe kanki?"

"Saboda Inna. Shi bai san ana yi ba."

Idonta ya ɗan motsa, ina jin dariya ce ta tsaya a bayan ƙyalle. Ta ce su ma a gidansu ba a faɗa. A nan rumfar kaɗai take buɗe baki, don a nan kowa da nasa. Ta ce mijinta bai sake ta ba, ya dai riƙa nisa har ya zama baƙo. Mourtala ne ke kai ta awo, shi ke sayen allura, shi ya ɗauke ta a kafaɗa ranar da ta faɗi a kasuwa. Tun yana saurayi firigonsa na sanyaya kaya da maganinta a ciki.

"Ban nema masa kyakkyawa ba," in ji ta. "Ban nema masa mai albashi ba. Cewa na yi Allah ya ba shi gidan da zai shiga ya huta. Ki gane ni, ba ƙinki nake ba. Na san ciwon ne, shi ya sa."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. Uwar Mansur jahilci ya sa ta ƙi ni, wannan kuwa sani ne, kuma ban shirya wa sani amsa ba.

Ta ce Asabar ta gidanta yake fara bi kafin ya zo namu. Ba za ta ɓoye masa ba. Na roƙe ta ta bar ni in faɗa da kaina. Ta ce na samu watanni, ta tashi, ta gyara mayafi. Har ta yi gaba ta juyo ta ce, "Kada ki bari su soka miki allurar nan, ko ƙanena ko ba ƙanena."

A gida na shaida wa Gwaggo ta sallami matar Sabon Gari. Ta ce boko ya cinye ni. Na shaida wa Inna wadda na haɗu da ita da inda muka haɗu. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye tsintsiya, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce da na bari an yi baƙin da yanzu ba mu san wannan ba. Na ce gaskiya ne, da ba mu sani ba.

Na rubuta wa Mourtala saƙo na goge. Na ɗauki murya na goge. Irin maganar nan idan ta shiga salula sai ta zama kamar sanarwar rasuwa. Ranar Juma'a shi ya aiko: "Gobe in sha Allah. A tanadi gawayi." Na ce an tanada.

Asabar na sa atamfa mai ganye-ganye, na mayar da ƴan kunnena, ban tauna kanumfari ba. Ya iso a makare, rana ta fara sauka a kan katanga. Ya gaida Inna ta bayan labule kamar kullum, ta amsa da muryar da ba tata ba. Ya zauna, ya jawo jakarsa. Fuskarsa ba ta ce komai ba, amma fuskar Mourtala ba ta saba cewa komai ba.

Kafin ya kwance bakin jakar na ce, "Dakata. Ina da ciwon sukari. Na daɗe da shi. Ya taɓa mini dasashi, haƙorina ɗaya yana motsi. Na so in faɗa tun farko, ban faɗa ba."

A bayan labule na ji ludayi ya faɗi.

Ya ce ya ji. Ya fiddo furno, ya jera gawayi, ya hura. Sai da wuta ta kama sannan ya yi magana, idonsa a kanta. Ya ce ciwon bai ba shi tsoro ba, ya san shi fiye da yadda ya san wasu danginsa. Abin da ya hana shi cin abinci yau shi ne lissafin Asabar nawa ya zauna a nan yana zuba mini abin da ke cutar da ni da hannunsa, ina cewa ya yi daɗi.

"Ya yi daɗin," na ce.

"Munira, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Da na mayar maka da finjali, me za ka ce?"

Ya gyara gawayi. Ya ce da ya ɗauka ba na son shi. Na ce to ka gani. Ya ce ya gani, amma bai huce ba, kuma kada in sa ran zai huce yau.

Sai ya faɗi sauran. Kadidia ta ce ba za ta zo Juma'a ba. Ta ce ba ta hana shi ba, amma ba da ƙafarta za ta je ta ɗauko masa kaya na biyu ba. Shi kuma bai taɓa yin wani abu babba a rayuwarsa ba tare da ita a gaba ba, kuma bai san yadda ake yi ba. Bai ce zai koya ba. Bai ce ba zai koya ba.

Ya sa hannu a jaka ya fiddo butarsa shuɗiya da na sani, ya ɗora. Ya sake sa hannu ya fiddo wata, ƴar ƙarama, ja. Ya raba ganyen shayi biyu. A babbar ya zuba sukari kamar yadda ya saba. A ƙaramar ya sa na'ana'a kaɗai. Ya matsa gawayi ya yi mata wuri a gefen furno.

Na ce, "Ta Yaya Kadidia ce ka aro?"

"Tata ta yi baƙi tun tuni. Ki duba gindin wannan."

Na duba. Wuta ba ta taɓa shi ba sai yau. Ashe abin da ya makarar da shi ke nan, daga gidan yayarsa kasuwa ya bi.

Shayi marar sukari ba ya kumfa sosai. Ya ɗaga, ya zubo, ya mayar, ya yi ta fama, kumfar ta ƙi tsayawa, ya ji haushi kamar an zage shi. Ya miƙo mini. Na kurɓa. Ya tambaya yaya.

"Ɗaci."

"Haka ake cewa. Yau kin faɗi gaskiya a kan shayina."

Na sha na farko, na biyu, na uku, ban ba yashi ko ɗigo ba. Tukuɗin Inna ya zo, ya ci shi kaɗai, ya ture farantin dabino gefensa ba tare da ya dube ni ba. Ya tambayi ranar da zan koma a kankare mini haƙora, na faɗa masa, ya ce ranar yana aiki. 

Da aka kusa kiran magariba ya zubar da toka, ya wanke finjalai, ya naɗe komai cikin jaka yadda yake yi, ya yi wa Inna sallama. Bai ce sai Asabar ba. Na lura, kuma na san Inna ta lura.

Ina naɗe tabarma Inna ta fito, ta tsaya tana duban ƙasa. Ta ce in bi shi da sauri, ya manta butarsa.

Mourtala mutum ne da ke ƙirga finjalansa kafin ya ɗaure jaka. Ko cokali bai taɓa mantawa a gidan nan ba.

Na ɗauki ƙaramar jar butar, da sauran ɗuminta, na wanke, na kife a tagar ɗakina kusa da sabon buros da ruwan kurkure baki. Gwaggo ta ce mutumin da zai dawo, da bakinsa yake faɗa, ba da buta ba. Inna kuwa na ji ta tana aika a kawo sabon yashi a zuba a tsakar gida kafin Juma'a. Na tambaye ta wa za ta tara, tunda mai zuwan ta ce ba ta zuwa. Ta ce yashin ya tsufa ne kawai.

Salulata tana nan a gefena, shiru. Butar tana taga.